Kare Mai Tamoji Da Sha'anin Wankansa

A cikin dukan karnukan da Turawa ke kiwo a ɗakunansu, da wuya a sami wanda kamanninsa ke ba baƙo mamaki kamar ɗan ƙaramin karen nan da su ke kira pug. Gajere ne kakkaura, nauyinsa na ƙa'ida bai wuce kilo 6 zuwa 8 ba. Hancinsa a lotse ya ke kamar an danna shi ciki da babban yatsa, idanunsa ƙwala-ƙwala sun yo waje, wutsiyarsa a naɗe bisa ƙugu kamar gammo, goshinsa kuwa cike da tamoji, kai ka ce dattijo ne da aka zo karɓar bashi wurinsa da sassafe. Ba ya farauta, ba ya tsaron garke, ko haushin kirki ma bai cika yi ba. Iyakar aikinsa ya zauna kusa da ubangijinsa, ya bi shi daga wannan ɗaki zuwa wancan, in barci ya kwashe shi ya cika gida da minshari.

Bahaushen da ya saba da karen farauta ko na gadi, wanda in zafi ya dame shi sai ya faɗa kududdufi ya fito ya girgije, lalle zai yi dariya in ya ji ana muhawara a kan irin sabulun da za a yi wa kare wanka da shi. Amma ga wannan kare maganar ta wuce ta dariya, domin tamojin nan da a ke sha'awa a fuskarsa su ne maɓoyar wata cuta da ke addabar fatarsa, kuma sau da yawa wankan da aka yi masa da nufin tsabta shi ke ta da ita. Yanzu kuwa ana ganinsa a gidajen waɗansu masu hali a Ikko da Abuja da Fatakwal da sauran manyan birane. Ko da ya ke ajiye kare a cikin ɗaki ba al'adar Hausawa ba ce, kuma malamai suna da maganganu a kai, babu saɓani cewa wanda duk ya ajiye dabba, to, haƙƙinta ya hau wuyansa.

DAGA SIN ZUWA TURAI

Asalin wannan kare ƙasar Sin ne, inda sarakunan dā su ke ajiye ƙananan karnuka masu gajeren hanci a fadodinsu. Cikin ƙarni na 16 ya iso Turai, ya sami shiga a gidan sarautar Holan. Mutanen ƙasar suna da wani labari da su ke bayarwa, cewa a 1572 wani kare mai suna Pompey ya ta da Yarima William na Orange daga barci sa'ad da maƙiya suka lallaɓo tantinsa da dare za su kashe shi. Daga Holan ya ƙetara Ingila, inda daga baya Sarauniya Victoria ta zama ɗaya daga cikin masu ƙaunarsa. Ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Amurka ta sa shi cikin rajistarta a 1885. A Indiya kuwa wata tallar kamfanin waya da aka fara nunawa a talbijin a 2003 ita ce ta sa mutane suka yi ta rububin sayensa.

Abin lura a wannan tarihi shi ne karen dā ba shi ne na yau ba. A 1745 wani shahararren mai zane na Ingila, William Hogarth, ya zana hoton kansa tare da karensa mai suna Trump, kuma hoton yana nan a Landan har yanzu. Wanda ya dube shi zai ga kare mai ɗan tsawon baki, dogayen ƙafafu, da fuska wadda ba ta tattare ƙwarai ba. Masu kiwo ne suka yi ta zaɓen waɗanda suka fi gajeren hanci suna haɗa su barbara, shekara da shekaru, har ƙashin fuskar ya taƙure. Fata kuwa ba ta taƙure tare da ƙashin ba, sai ta rasa wurin shimfiɗuwa, ta ninke a kan hanci da goshi.

Sakamakon haka ya fito fili a wani bincike da Kwalejin Likitocin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan ta buga a 2022, inda aka gwada bayanan asibiti na pug fiye da 4,000 da na sauran karnuka fiye da 21,000. An tarar cewa haɗarin kamuwarsa da ciwon ninkin fata ya ninka na sauran kusan sau 11, na gyambon ido sau 13, na toshewar hanyar numfashi kuwa kusan sau 54. A Holan ɗin da ta fara ɗaukaka shi, tun 2019 hukuma ta soma aiki da ƙa'idar hana haɗa barbarar karnukan da tsawon bakinsu bai kai sulusin tsawon kansu ba. Waɗannan abubuwa uku, watau fata da ido da numfashi, su ne tilas mai wanka ya riƙe a zuciyarsa tun kafin ya ɗebo ruwa.

FATAR KARE BA TA MUTUM BA CE

Da yawa su kan zaci fatar kare ta fi ta ɗan Adam ƙwari, saboda sun ga gashi ya rufe ta. Akasin haka ne. Ɓawon da ke saman fatar mutum yana da hawa 10 zuwa 15 na ƙwayoyin halitta, na kare kuwa hawa 3 zuwa 5 ne kurum. Gashin ne garkuwarsa, sai kuma wani ɗan maiƙo da fatar ke fitarwa, wanda ke hana ta bushewa, ya kuma tare ƙwayoyin cuta. Sabulu mai ƙarfi ya kan kwashe wannan maiƙo kakaf. Daga nan sai fata ta bushe ta yi amosani, ƙaiƙayi ya taso, kare ya yi ta susa da farce har ya ji wa kansa rauni, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa. Maigida kuwa in ya ji wari ya ƙaru sai ya ƙara yawan wanka da sabulun nan dai, ya zama ana zuba wa wuta fetur.

Akwai wani ma'auni da masana haɗa magunguna ke aiki da shi, mai suna pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Tsantsar ruwa shi ne a tsakiya, watau 7. Abin da ya gaza 7 ya karkata wajen tsami, kamar lemon tsami da tsamiya. Abin da ya haura kuwa ya karkata wajen kanwa da ruwan toka. Fatar mutum tana wajen 5.5, saboda haka a kan yi shamfun mutane da ɗan tsami-tsami. Fatar kare ta fi kusa da 7. Sabulun sanda na wanka ko na wanki, har da sabulun salo da mata ke yabo, ya kan kai 9 ko 10, omo kuwa ya kan kai haka ko ya fi. An yi omo ne domin ya cire maiƙo daga tufafi, kuma aikin da zai yi ke nan a jikin dabba, ba ya bambancewa.

Wanka ɗaya da shamfun mutane ba zai kashe kare ba, kuma in larura ta kama, na jarirai ya fi sauran sauƙi. Ɓarnar tana zuwa ne daga maimaitawa wata da watanni. Amma akwai abubuwan da ko sau ɗaya bai kamata su taɓa jikinsa ba. Har yanzu a kan sami masu shafa wa kare baƙin mai ko kananzir wai maganin ƙazwa, da masu zuba fiya-fiya ko maganin feshin gona a ruwan wanka don kashe kaska da ƙuma, da masu tsiyaya ruwan maganin wanke bayan gida. Duk waɗannan guba ne. Suna ƙona fata, suna ratsa ta su shiga jini, kuma kare ba ya barin jikinsa bai lasa ba. Dabbar da nauyinta bai kai na buhun siminti kashi shida ba, ɗan kaɗan ya ishe ta.

ZAƁEN SHAMFU

Wanda ya shiga kantin kayan dabbobi zai tarar da kwalabe jere, kowace da hoton kare mai sheƙi da kalmomi masu daɗi. Ya kamata ya sani cewa kirarin da ke gaban kwalba na mai sayarwa ne. Ko a Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna ba ta tantance shamfun dabbobi muddin bai yi iƙirarin warkar da wata cuta ba. Don haka a juya kwalbar a karanta jerin abubuwan da aka haɗa. In babu jerin sam, a mayar da ita inda aka ɗauko.

Abin da a ke nema shi ne shamfun da aka yi musamman domin karnuka, wanda ba sabulu ne tushensa ba, mai ƙarancin turare ko marar turare ɗungum, kuma ba a rina shi da launi mai ɗaukar ido ba. Da yawa daga cikin masu sauƙin suna ɗauke da niƙaƙƙen garin wani hatsi dangin alkama da Turawa ke kira oat, wanda an daɗe da sanin yana kwantar da ƙaiƙayi, ko kuwa ruwan alobera, ko gilisarin mai riƙe danshin fata. Yawan kumfa ba shi ne tsabta ba. Sinadaran salfet da a ke sawa don kumfa ta tashi su ne kan gaba wajen kwashe maiƙon fata, kuma shamfu mai yawan kumfa ya fi wuyar ɗaurayewa.

Sha'anin turare kuwa, gaskiyar magana ita ce domin hancin maigida a ke sa shi. Kare ba ya bukatarsa, hasali ma ya kan dame shi, tun da ya fi mutum jin ƙamshi nesa ba kusa ba, ga shi kuma turare yana cikin abubuwan da suka fi ta da ƙuraje a fata mai laushi. Haka nan kada kalmar "na gargajiya" ko "daga tsirrai" ta ruɗi mai saye. Akwai wani mai da a ke tatsa daga ganyen wani itacen Ostireliya, ana kiransa tea tree, wanda in ya yi yawa ya kan sa kare kasala da karkarwa har ya kasa tsayuwa. Garin gyaran gira a ke rasa ido.

Akwai kuma shamfu mai magani, wanda ya sha bamban da na wankan yau da kullum. Wanda likitoci suka fi rubutawa don ciwon fata ya haɗa kiloheksidin mai kashe bakteriya da mikonazol mai kashe ƙwayar yis. Irin wannan tilas a bar shi a jiki kamar minti 10 kafin a ɗauraye, in ba haka ba an yi asarar kuɗi, kuma ba a yarda ya shiga ido ko cikin kunne ba. Ba a saye shi da ka, sai likita ya duba ya ce a saya, sa'an nan a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa. Gidan da ke da kyanwa kuma a yi hattara da shamfun kashe ƙuma mai sinadarin fametirin, domin abin da kare ke jurewa ya kan halaka kyanwa.

RANAR WANKA

Ga kare mai lafiyar fata, wanka sau ɗaya cikin mako uku ko huɗu ya wadatar, sai fa in ya yi birgima cikin ƙazanta. Kafin ruwa ya taɓa shi a fara taje shi da burushi mai laushi. Pug, musamman mai launin ƙasa-ƙasa, yana da gashi hawa biyu, kuma yana zubar da shi ba dare ba rana. In ba a cire mataccen gashin ba sai ya cure ya hana ruwa isa fata.

A shimfiɗa tsohon tawul a cikin baho don kada santsi ya kwashe shi, domin in ya tsorata numfashinsa ya kan sarƙe. Ruwa kada ya wuce gwiwarsa, tun da ba gwanin iyo ba ne, kuma ba a barinsa shi kaɗai ko na minti ɗaya. Ɗumin ruwan ya zama irin na wankan jariri, a gwada da gwiwar hannu. A nan akwai tarkon da masu tankin ruwa a bisa rufi su kan faɗa: ruwan da ya wuni yana shan ranar bazara ya kan fito daga famfo da zafin da zai iya sale fata. Zafin jikin kare ya kan tsaya tsakanin digiri 38 zuwa 39, kuma ba ya yin gumi kamar mutum, da haki ya ke sanyaya jikinsa. Mai gajeren hanci kuwa hakin nasa ba ya wadatarwa. Saboda haka da bazara a yi wankan da safe ko da yamma a inuwa, da hunturu kuwa a yi shi da hantsi a cikin ɗaki inda iska ba ta kaɗawa.

A ɗan toshe bakin kunnuwa da auduga, ba tare da an cusa ta ciki ba. A jiƙa jiki daga wuya zuwa wutsiya, a tsarma shamfu kaɗan da ruwa a cikin kofi, sa'an nan a cuɗa da yatsu a hankali. Ran wanka ba a ɓoyon cibi: a bi hammata, da matsematsi, da tsakanin yatsun ƙafa, da ƙarƙashin naɗin wutsiya, inda wani ɗan lungu ya ke da ya kan tara dauɗa ba a sani ba. Kai da fuska kuwa ba a kwara musu ruwa, kuma ba a sa musu shamfu. Idanun nan da suka yo waje ba su da kariya, kumfa kaɗan ko farcen mai wanka ya isa ya jawo gyambo, hancin kuma yana iya shaƙar ruwa. Tsumma mai laushi da aka jiƙa da ruwan ɗumi aka matse shi ne kayan wankin fuska.

Ɗauraya ita ce rabin wanka. Ragowar shamfu da ta maƙale cikin gashi tana sa ƙaiƙayin da sau da yawa a kan ɗora wa shamfun laifinsa, alhali gaggawar mai wanka ce. A yi ta zuba ruwa har ya riƙa sauka garau, hannu kuma ya daina jin santsi, sa'an nan a ƙara sau ɗaya. In an ɗiga masa maganin kaska irin na bayan wuya, a bari sai bayan kwana biyu kafin a yi wanka.

INDA AIKIN YA KE

Duk abin da aka faɗa a baya zai tashi a banza in aka bar danshi cikin tamoji. Ninkin fata wuri ne mai ɗumi, mai duhu, wanda iska ba ta shiga, ga hawaye da majina da ɓurɓushin abinci suna gangarawa ciki. A jikin kowane kare lafiyayye akwai wata ƙwayar yis mai suna Malassezia da waɗansu bakteriya, suna zaune lafiya ba sa cutarwa. In suka sami laima a irin wannan lungu sai su yi ta hayayyafa, fata biyu kuma suna gogar juna, wurin ya yi ja, ya saɓule, ya riƙa fitar da wani maiƙo ruwan ƙasa mai ɗoyi.

Don haka bayan an tsane jiki da tawul, sai a zauna a bi tamojin ɗaya bayan ɗaya. A ɗaga kowane ninki da yatsa, a share cikinsa da jiƙaƙƙen tsumma, a bi da busasshe har sai ba a jin laima. Ninkin da ke bisa hanci ya fi kowane zurfi, shi ya fi bukatar haƙuri. Ba a barbaɗa hoda a ciki, domin ta kan cure ta zama laka, tana kuma iya shiga ido da hanci. Ba a cusa man shafawa sai da izinin likita. A cire audugar kunne, a share bakin kunnen. Na'urar busar da gashi mai hura iska mai zafi haɗari ce ga wannan kare, haka nan ɗaure shi a rana wai ya bushe; tawul da inuwa mai iska sun isa.

Shi wannan share tamoji ba ya jiran ranar wanka. Aiki ne na kullum, ko aƙalla sau uku a mako, kuma yanayin ƙasa yana da hannu a ciki. A Ikko da Fatakwal, inda iska ke ɗauke da laima kusan duk shekara, da kuma Arewa lokacin damina, ninkin ba ya bushewa da kansa. Da hunturu kuwa matsalar ta juya: ƙura ce ke cika tamojin, fatar jiki kuma tana bushewa, saboda haka sai a ƙara yawan sharewa a rage yawan wanka. Ƙiba ma tana ƙara zurfin ninki, pug kuwa makwaɗaici ne, in an biye masa ba ya ƙoshi.

Akwai alamun da in an gan su, to, magana ta wuce ta sabulu. In ninki ya yi ja yana ɗoyi, ko kare yana goga fuskarsa a kan darduma, ko yana yawan lasar ƙafafu da kaɗa kai, ko fata ta yi baƙi ta yi kauri, ko gashi yana zubewa fili-fili, sai a nufi likitan dabbobi. In kuwa yana runtse ido ɗaya yana hawaye bayan wanka, ko numfashinsa ya yi nauyi harshe ya soma sauya launi, wannan ba ya kwana. Bayan asibitocin dabbobi na jihohi da na masu zaman kansu, akwai asibitocin koyarwa a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Ibadan da Nsukka. Likita ya kan ɗan kankari fata ko ya manna mata tef ya ɗaga, ya duba a madubin ƙara girma, ya gane ko yis ne, ko bakteriya, ko kuwa ƙwaron ƙazwa mai suna Demodex wanda ke yawan kama 'yan kwikwiyon wannan iri, domin kowanne maganinsa dabam. Wanda zai je kada ya yi wa karen wanka a ranar ko ana gobe, don kada ya wanke abin da likita ke son gani, kuma ya tafi da kwalbar shamfun da ya ke amfani da shi.